Rahoton Kwamitin Gyaran Gida Kan Shimfiɗa Tayil a Sashen Hajiya

Assalamu alaikum. Zuwa ga Baffa da Gwaggo da sauran 'yan uwa, na gida da na nesa.

Aikin da aka ɗora mana mu uku a zaman bayan Sallar layya ya kammala. An shimfiɗa tayil a falo, ɗakuna biyu, baranda da banɗaki, Hajiya kuma ta koma ɗakinta lafiya. Alhamdu lillahi. Ma'aji ya tura wa kowa lissafin kuɗi, don haka ba zan maimaita shi ba. Wuri ɗaya zan tsaya a kai, inda aka rubuta hayar injin yanka tayil da sayen faifan yanka, tunda babu shi a kasafin farko. Yaya ya kira daga Kaduna har sau biyu a kan wannan, kuma haƙƙinsa ne ya tambaya.

Falo da ɗakunan da baranda sun tashi murabba'in mita 56. Mun zaɓi tayil mai santimita 60 kowane gefe, kwali ɗaya na ɗauke da guda 4, wato murabba'in mita 1.44. A lissafi kwali 39 zai isa, amma muka ƙara kashi 10 cikin ɗari saboda yanka da fashewa, muka sayo 43 a Kofar Ruwa. Na banɗaki daban ne, ƙanana masu kaushi don kada Hajiya ta zame.

Kuskuren daga wurinmu ya fara. Mun ga tayil mai sheƙi ya burge mu, muka biya, ba mu tambayi mai aikin da me zai yanka shi ba. Ashe fosilin ne, ba siramik ɗin da aka saba sawa a unguwa ba. A ido kusan ɗaya suke, amma fosilin ya fi shan wuta wajen gashi, ya fi curewa, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Shi ya sa yake daɗewa, shi ya sa kuma yake gardama idan an zo yanka shi. Mai tayil ya zo da giranda, wato injin yanka mai wuta da ake riƙewa a hannu, mai inci huɗu da rabi, a jikinta faifan nan mai gibi-gibi da ake yanka bulo da kankare da shi. Kafin azahar bakin duk tayil ɗin da aka yanka ya yi tsinke-tsinke kamar haƙoran zarto, guda bakwai sun tsage gaba ɗaya. Ƙura kuwa ta turnuƙe tsakar gida kamar hazon hunturu, har cikin madafa. Gwaggo ce ta fito ta ce a tsaya, muka tsaya.

Ƙurar nan ba ta sharewa kawai ba ce. Tayil na ɗauke da sinadarin silika irin na yashi, kuma ƙurarsa mai laushi idan ta shiga huhu zama take yi, masu daɗewa suna shaƙarta tana jawo musu ciwon huhu da ba ya warkewa. Ga Hajiya da tarinta, ga yara suna kai-kawo, ga yaron mai tayil da ko ƙyalle bai ɗaura a hanci ba.

Da magariba muka zauna da mai aikin a soro. Hanya uku ya kawo. Ta farko injin tebur mai ruwa, wanda faifansa ke ratsa ruwa yana juyawa. Ruwan na sanyaya faifan, yana kuma kashe ƙurar, yankansa ya fi na kowa kyau. Ni shi na so. Ma'aji ya ƙi, kuma hujjarsa ta fi tawa: hayarsa da tsada, ɗaukarsa sai an nemo mota, kuma wuta yake ci, ga Nepa yadda muka san ta. Kunna janareta yini guda don yanka tayil zai cinye abin da muke ƙoƙarin tsimi. Ta biyu a ci gaba da giranda a canja mata faifai. Ta uku injin hannu, mai doguwar hanya ta ƙarfe da ɗan ƙaramin gare mai kaifi, wanda ake zana layi da shi a fuskar tayil sannan a danna ya rabe biyu. Ba wuta, ba ƙara, ƙura kuma kusan babu.

Ba mu zaɓi ɗaya ba, raba musu aikin muka yi. Da muka ƙirga sai muka ga yawancin yankan miƙaƙƙe ne, na jikin bango da na sikatin, wato siririn tayil ɗin da ake zagaye gindin bango da shi. Wannan aikin injin hannu ne. Sai dai ba kowanne ba. Akwai mai sauƙin kuɗi da aka nuna mana, muka kai tayil ɗaya aka gwada, ƙarfensa ya lanƙwashe kafin tayil ɗin ya motsa. Araha ba ta ado. Muka ɗauki hayar mai nauyi, wanda tsawonsa ya wuce na tayil ɗin, muka sa masa sabon gare.

Na tsaya na kalli yadda ake aiki da shi, kuma akwai abin lura. Sau ɗaya ake jan layin, daga wannan baki zuwa wancan, da ƙarfi madaidaici. Yaron nan da farko sai ya ja sau biyu ko uku wai don layin ya zurfafa, shi kuwa tayil sai ya rasa wane layi zai bi, ya fashe a karkace. Da ubangidansa ya hana shi, fashewar ta tsaya. Haka kuma injin ba ya iya fitar da siririn yanki mai faɗin ɗan yatsa, karyewa yake yi. Wannan ne ya sa mai tayil ya fara auna falon daga tsakiya, ya gyara jerin yadda ba za a ƙare da ɗan tsito a jikin bango ba. Gidan nan tsohon gini ne, kowa ya sani, babu kusurwar da ta miƙe. Bangon falo na gabas ya kauce da kusan santimita 3 daga farko zuwa ƙarshe, saboda haka kowane tayil na wannan layin da awonsa, sai an ɗora shi an sa masa alama kafin a yanka.

Giranda ba mu sallame ta ba, domin akwai abin da ita kaɗai ke iyawa a cikin kayan da muke da su: yankan kusurwa a bakin ƙofa, zagayen ginshiƙin baranda, da bakin magudanar banɗaki. Mun saya mata faifai mai sumul ɗin baki, wanda aka yi don fosilin, muka ajiye mai gibin. Sharuɗɗa uku muka gindaya. A yi yankan a bayan gida, iska na kwashe ƙurar. Mai yanka ya sa tabarau da abin rufe hanci. Sannan a mayar da murfin faifan da aka cire. Wannan na ukun sai da aka yi ja-in-ja, mai tayil ya ce murfin na tare masa gani. Baffa ya ce masa, Malam, idan faifan ya tarwatse ba gani kaɗai zai tare ba. Ya yi dariya ya mayar. Injin da ke juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya ba abin wasa ba ne. An kuma kawo shawarar a riƙa zuba ruwa a kan faifan da gora, muka hana, don giranda ba a yi ta da shirin ruwa ba, ga wayar wuta a ƙasa.

Ramukan famfo guda biyu kuwa, da bakin huji mai zagaye aka fitar da su, ana jiƙa wurin da soso. Aro muka yi, ba mu kashe komai ba.

Daga rana ta biyu zuwa ƙarshen aiki guda huɗu kacal suka lalace. An samu ragowar kwali ɗaya cikakke da 'yan guntaye, mun ajiye su a saman sito. Don Allah kada a bayar da su. Idan wani ya fashe nan gaba, samun mai launi iri ɗaya zai yi wuya, domin ko a kamfani ɗaya launin kan ɗan bambanta daga wannan gashi zuwa wancan.

Abu biyu ne ba mu gamsu da su ba. Tayil uku na ranar farko masu tsinken baki an sa su a bayan ƙofar ɗakin tsakiya, sikatin ya rufe yawancinsu, amma mai dubawa zai gani. Sannan akwai guda ɗaya a bakin baranda da ke ƙara kamar fanko idan an ƙwanƙwasa, alamar siminti bai cika ƙarƙashinsa ba. Mai tayil ya amince zai ɗaga shi ya sake, kuma ma'aji ya riƙe cikon kuɗinsa sai ya yi. Faifan da muka saya yana wurin Baffa, zai yi amfani idan an zo kan sashen Gwaggo.

Wassalam.
Sakataren kwamiti, a madadin sauran biyun.