Bature Ma Ya Zauna Ya Koyi Harshen Wasu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in tofa albarkacin bakina kan wata muhawara da ake yi a Ingila da Amurka, wai ko wanda ya tashi da Turanci yana buƙatar koyon wani harshe. Ni dai na ce yana buƙata, ƙwarai kuwa.

A 2004 aka cire wa ɗaliban Ingila tilascin koyon harshen waje bayan sun kai shekara 14, masu ɗaukar Faransanci da Jamusanci suka yi ta raguwa. Sai a 2014 aka wajabta shi a firamare. Hujjar masu ƙi ita ce ko'ina ana jin Turanci. A filin jirgi da otal, haka ne. Amma mai dogara da tafinta, abin da tafinta ya ga dama shi zai ji.

Kakanninsu ma sun san haka. Zamanin mulkin mallaka, jami'in Bature a Arewa sai ya ci jarrabawar Hausa kafin a ƙara masa girma, don Di'on da ke sauraron ƙara ta bakin wani ba a shan wahalar juya shi. Ba don ƙaunarmu suka koya ba, amma sun koya.

A Amurka kuwa, fiye da mutum miliyan 40 ke magana da Sifaniyanci a gida. Likitan Texas da tsohuwa ke nuna masa ciki tana kuka, shi kuma yana jiran a nemo mai fassara, me zai rubuta mata?

Naka,
Wani mai karatu daga Zariya