Ciwon sanyi ya daina jin maganin da muke sayarwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in faɗi wani laifi da nake da hannu a ciki.

Shekara 11 ina riƙe da kemis a Unguwar Rogo. Kusan kullum sai mace ta aiko yaro da 'yan canji: "Wai a ba ta na sanyi." Sai in yanko Septrin ko Cipro, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, ƙwaya huɗu in miƙa. Zafin fitsari na lafawa ta watsar da magani, ni kuwa na ci ribata. Ban ma tambaya ko ƙaiƙayi ne, wanda sau da yawa ba ruwansa da waɗannan magunguna.

Watan jiya abin ya shigo gidana. Uwargida ta fara jin zafi wajen fitsari, tana yawan zagayawa. Na ba ta Cipro, shiru. Na koma Augmentin, sai ga zazzaɓi da ciwon kwiɓi. A asibiti aka gwada fitsarinta, muka jira kwana 3. Sakamako ya nuna E. coli, ƙwayar cutar da ke zaune a hanjin kowa, kuma ita ke jawo mafi yawan ciwon mafitsara. Ta fi kama mata saboda hanyar fitsarinsu gajera ce. A gaban sunayen magunguna an jera R, R, R, wato ba sa cin ta. Wallahi kamar kantata aka leƙa aka rubuto su! Cutar ta riga ta hau ƙoda, sai da aka kwantar da ita ana allura ta jijiya.

Likitar ta ce mini: "Malam, ba jikinta ne ya saba da magani ba, ƙwayar cutar ce." Shan magani barkatai yana kashe raunanan ƙwayoyin cutar, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. A 2019 kaɗai, irin wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

Ina roƙon gwamnatin Filato ta sauƙaƙa kuɗin gwajin fitsari, domin tsadarsa ce ke koro talaka wajenmu. Ni dai na daina yanka katin magani ina miƙawa. Jiya na ce wa wata baiwar Allah ta je gwaji tukuna. Ta harare ni, ta shige shagon maƙwabcina.

Naka,
Wani mai kemis,
Unguwar Rogo, Jos