Gaisuwar Sallah daga Biresha, Italiya

Assalamu alaikum Baba, Umma da duk mutan gida, barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi layya ya maimaita mana.

Yanzu ƙarfe huɗu ne a nan, wurinku uku kenan, na san an gama fiɗa an rataye ragon a zaure, hanta da kayan ciki na kan wuta, suya sai gobe. Wallahi tun safe ƙaurin babbakar kai da ƙafa nake ji a hancina alhali ba abin da ke ɗakin nan sai ƙamshin kofi. A nan ba a yanka a gida, doka ta hana, sai a mayankar da hukuma ta yarda da ita, to sai dai ka ba mahauci ɗan Maroko kuɗi ya kawo maka nama a leda an sassara shi da inji. Nama ne dai, amma ina soyayyen nan na Umma da ya sha kitse, a barbaɗa masa yaji a zuba a kwalla a tura ƙarƙashin gado, mu yi ta sata ɗaya ɗaya har wata ya ƙare? Na gwada soyawa bara, hayaƙi ya cika bene, tsohuwar da ke ƙasanmu ta hau tana ta faɗa ni kuma ko kalma ɗaya ban gane ba sai murmushi nake kamar dolo.

Umma kin tambaye ni a waya wai me ya kai ni makarantar koyon Italiyanci da gemuna, Turancin bai isa ba? Ai Umma Turanci a Italiya ba ya sayo maka ko burodi a wasu wuraren, tsofaffinsu ba ruwansu da shi. Bara ranar Sallah a wurin aiki na yini, don Sallah ba hutu ba ce a ƙasar nan, kuma ban san yadda zan roƙi hutun ba. Na sa wani ya faɗa wa oga, har yau ban san me ya ce masa ba, oga dai ya girgiza kai shikenan. Ga lokacin da ciwon ciki ya kwantar da ni, yaron da bai kai Sadiku ba shi ya yi min tafinta gaban likita, abin da ko kai Baba zan ji nauyin faɗa maka sai da na faɗa wa yaro. Ranar na ce ya isa haka.

Sai na yi rajista a CPIA, makarantar manya ce ta gwamnati, da daddare muke zuwa bayan aiki. Kuma ba don jin daɗi kawai ba, in kana son takardar zama ta dogon lokaci bayan shekara 5 sai ka nuna ka kai matakin A2 a yaren, in ɗan ƙasa kake son zama kuwa tun 2018 suka ce sai B1. Ni A2 ɗin nake bi tukuna, gaba ta kai ni.

Abin dariya, Hausa na taimakona fiye da Turanci. Su ma komai ko namiji ne ko mace kamar mu, sai dai ba ma daidaitawa kullum, mu rana mace ce su kuma namiji. Kuma suna nanata harafi irin baba da babba, capello gashi ne, cappello hula, 'yan ajinmu na ta fama ni kam tuni na wuce nan. Inda nake shan wahala P ne, pane wato burodi sai ya fito min fane, malamarmu ta sa na riƙe takarda gaban baki ina hurawa har sai ta motsa. Sannan manya ba a ce musu tu sai Lei, kamar yadda ba zan ce wa Kaka ke ba, wannan ya burge ni, ashe suna da ta ido.

To bana da bakina na je na ce wa oga gobe Festa del Sacrificio ce ina son hutu, ya dube ni ya ce va bene, wato shikenan ya yarda. Muka yi idi a wani babban ɗakin wasanni, 'yan Senigal, 'yan Pakistan, Larabawa, liman ya yi huɗuba da Larabci ya maimaita da Italiyanci, na tsinci kusan rabi, sai na ji ƙwalla, ban san ko murna ba ce ko tuna Ƙofar Mata. Tsohuwar nan ma na kai mata nama ɗazu na ba ta haƙurin hayaƙin bara, ta ba ni polenta, tuwon masara ne sak sai dai ba miyar kuka.

A gaida Kaka sosai da sosai, a ce mata ina shafa man da ta ba ni, ina kuma karanta addu'ar fita, goron Sallarta na cikin kuɗin da na turo wa Yaya, kar a bari ta rabar duka. Goggo, Kawu da iyalansa, Malam na masallaci. Sadiku ka riƙe karatu, gobe ka ɗauko min hoton hawan Daushe mai kyau ba irin na bara da rabi duk kan mutane ne ba. Ummi 'yar lelena ki nuna min lallenki a bidiyo, na koya miki ciao kin riƙe? Sauran 'yan layi duk ina gaisuwa.

Umma in an samu mai tahowa a ɗan ƙullo min yajin nan naki, naman kam ba za su bari ya shigo ba.

Naku,
Abba