A Daina Tattake Shaida Kafin Masu Bincike Su Iso

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan abin da ke kashe shari'ar kisan kai tun kafin ta kai gaban alƙali. Duk sanda aka tsinci gawa a unguwa, kafin 'yan sanda su iso an yi cincirindo. Wani ya juya mamacin don ya ga fuskarsa, wani ya ɗaga wuƙar da ke gefe yana nuna wa jama'a, wata baiwar Allah ta kawo bokitin ruwa ta wanke jinin don tausayin mutanen gida. Kowa da kyakkyawar niyya ya yi, amma abin da ɗakin gwaje-gwaje zai yi aiki da shi ke nan aka tattake.

Ƙa'idar aikin tsohuwa ce. Ana danganta ta ga Edmond Locard, wanda ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a birnin Liyon na Faransa a 1910: duk wanda ya shiga wuri sai ya bar wani abu nasa, ya kuma tafi da wani abu na wurin. Zanen yatsa a jikin ƙofa, sawun takalmi, gashi, gumi a ƙotar wuƙa. Matsalar ita ce mai kallo ma yana barin nasa.

A ɗauki riga mai jini, don a nan aka fi tafka kuskure. Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne leda. To, jiƙaƙƙen jini in an ƙulle shi a leda cikin zafinmu, gumi yake yi, fumfuna da ƙwayoyin cuta su cinye ƙwayar halittar DNA da ke cikinsa, wadda da ita ake gane ko jinin wane ne, a buɗe bayan 'yan kwanaki a tarar da wari kawai. Yadda ake yi shi ne a shanya rigar a inuwa, cikin ɗaki mai iska, ba a rana ba, har ta bushe ƙayau. Sannan a sa ta a ambulan ko jakar takarda, ita kaɗai. Wando nasa daban, wuƙa nata daban cikin kwali. Mai ɗauka ya sa safar hannu, ya canza ta tsakanin kaya da kaya, ya rufe baki da hanci, domin yawun magana kaɗai ya isa ya gurɓata samfur. Injin gwajin yana ninka ɗan abin da ya samu kusan sau 30 a jere, kowane zagaye ninki biyu, kuma ba ruwansa da ko na mai laifi ne ko na ɗan sanda.

Kada a ce ƙaramin abu ne. 'Yan sandan Jamus sun yi shekaru suna farautar wata mata da DNA ɗinta ya bayyana a wuraren laifi kusan 40, har da kisan wata 'yar sanda a 2007. A 2009 aka gano babu wata mai kisa: ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin tsinken audugar da suke ɗibar samfur da shi. An kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin audugar, amma hakan ba ya goge DNA.

Kwanson harsashi ma yana magana. Kowace bindiga tana barin irin tabonta a gindinsa, shi ya sa ba a tara kwansaye a aljihu suna gogar juna. A ɗauki hoton kowanne a inda ya faɗi, a naɗe shi daban. Kuma kowane ƙunshi a like shi, a rubuta rana, lokaci, wuri da sunan wanda ya ɗauka, duk wanda ya karɓa ya sa hannu. Hannu ɗaya ya ɓace a wannan jeri, lauyan wanda ake tuhuma ya sami ƙofa.

Sai gawar kanta. Jiki yakan fara sandarewa bayan awa 2 zuwa 6, ya gama wajen awa 12. Jini kuma yana kwantawa ta gefen da ke ƙasa ya bar shaci, wanda ke nuna ko an ɗauko gawar daga wani wuri ne aka yar. Lissafin sanyin jiki da ke littattafan Turawa, wanda ake ƙiyasta lokacin mutuwa da shi, ba ya aiki a watan Afirilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda iska kan fi jikin mutum zafi, don haka dole a auna zafin wurin a rubuta.

Na san muna gaggauta jana'iza, kuma addini ne. Ba cewa nake a ajiye mamaci kwanaki ba. Amma kafin wanka, a bari likita ya ɗauki hoton raunuka da ma'auni a gefe, ya yanke farce ya adana, don wanda ya yi kokawa da makashinsa sau da yawa yana tafiya da fatar makashin a ƙarƙashin farce. Haka yarinyar da aka yi wa fyaɗe: iyaye su daure kada a yi mata wanka ko a wanke kayanta, a kai ta asibiti nan take. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau ma cikin awa 72 yake aiki.

Wani amfanin da ba a cika faɗa ba shi ne wanke marar laifi. A 1986, karon farko da aka yi aiki da gwajin DNA na masani Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta a binciken kisa, wanda ya fara cin moriyarsa matashi ne ɗan shekara 17 da ya riga ya amsa laifi a hannun 'yan sandan Ingila. Gwaji ya nuna ba shi ba ne. An kama ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, a 1987.

Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017, aka ƙone ta a rikicin Oktoban 2020. Gina irinta a Arewa sai gwamnoni sun tashi tsaye. Kafin nan, roƙona ga kwamishinonin 'yan sanda shi ne kowane caji ofis ya sami igiyar killace wuri, kwalin safar hannu da ambulan na takarda, a kuma koya wa masu unguwanni da 'yan sintiri su tsare wurin har masu bincike su iso.

Wassalam.

Daga wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Kaduna.