Ware ɗalibai tun suna ƙanana ya fi auna gida fiye da basira

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina game da ware ɗalibai zuwa ajin masu ƙoƙari da na marasa ƙoƙari, da kuma 'yancin da ake cewa an ba iyaye na zaɓa wa 'ya'yansu sakandare.

A ganina, jarrabawar da ake yi wa ɗan shekara goma ta fi auna gidan da ya fito fiye da basirarsa, domin yaron da ake biya masa karatu da dare, ga littattafai ga mai duba masa aikin gida, ba zai zo ɗaya da wanda iyayensa ba su taɓa shiga aji ba. A yawancin jihohin Jamus, bayan aji huɗu na firamare ake raba yara, wasu zuwa Gymnasium mai kaiwa jami'a, wasu zuwa makarantun da ke kaiwa ga koyon sana'a, kuma jarrabawar PISA ta 2000, wadda ke gwada ƙoƙarin ɗaliban ƙasashe daban-daban, ta nuna cewa matsayin iyaye yana tasiri ƙwarai a kan makin 'ya'yansu a can. Finland kuwa ta soke irin wannan rabo tsakanin 1972 da 1977, ta haɗa yara a makaranta guda tsawon shekara tara.

Abin da ke biyo bayan rabon ya fi damuna. Sau da yawa ajin baya ake tura wa sabon malami, a rage musu manhaja, ya cika allo da rubutu su kwafa, babu mai tambaya babu mai amsa, yaro kuma ya yi ta jin ana kiran ajinsu na daƙiƙai har ya gaskata. Saukar da ɗalibi abu ne mai sauƙi, amma da wuya a ga wanda aka ɗaga.

Batun zaɓin makaranta ma da sauran rina a kaba. A 1981 Chile ta soma biyan makarantu, har da masu zaman kansu, gwargwadon yawan ɗalibansu, sai makarantun suka koma su ke zaɓen yara ta hanyar jarrabawa da ganawa da iyaye, har aka yi doka a 2015 da ta hana masu karɓar kuɗin gwamnati yin hakan. Mai mota da sanin hanya shi ke zaɓe, talaka sai wadda ke kusa.

Ina roƙon hukumomin ilimi su jinkirta rabon har ɗalibi ya kai shekara goma sha biyar, kuma a riƙa sake duba matsayinsa duk ƙarshen shekara.

Wassalam,
Wani malamin sakandare