Nauyin da miƙaƙƙen layin dogo ke ɗora wa masu kula da shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wata magana da nake yawan ji duk lokacin da aka tayar da zancen shimfiɗa sabon layin dogo, wato wai muddin hanyar ta miƙe sambal babu kwana, to an gama da batun gudu da na tsaron lafiyar fasinja baki ɗaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ɓangare guda ake faɗa, wanda ake bari kuwa shi ne wanda rayukan mutane suka rataya a kansa.

Babu musu, injiniyoyi suna da hujjar son miƙaƙƙiyar hanya. Ƙafar jirgin ƙasa ƙarfe ce da ke birgima a kan ƙarfe, kuma duk inda aka sami kwana nauyin jirgin yakan jingina a kan ƙarfen da ke waje ya riƙa cinye shi, har ya zama dole a ɗaga wancan ɓangaren sama da na ciki, a kuma ƙayyade gudun da za a shiga kwanar da shi. Saboda haka ne lokacin da Japan ta buɗe layinta na jirage masu gudun gaske tsakanin Tokyo da Osaka a 1964, ta yi kwanoninsa da faɗin da, in da za a cika su su zama da'ira, daga tsakiya zuwa baki zai kai mita 2,500, daga baya ma ta mayar da ma'aunin mita 4,000 a sababbin layukanta. A kan irin wannan shimfiɗa ce jirgin TGV na Faransa ya kai gudun kilomita 574.8 a awa ɗaya a gwajin da aka yi ranar 3 ga Afrilu, 2007.

Wanda yake so ya ga ƙarshen miƙewa sai ya dubi Ostareliya. A filin Nullarbor, wanda shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa ne fetal, babu tudu babu kwari sai ƙananan tsirrai, layin dogo ya miƙe ɗoɗar na tsawon kilomita 478 ba tare da ya karkata dama ko hagu ba, daga yamma da Ooldea zuwa yamma da Loongana, kuma babu kamarsa a duniya. Yanki ne na layin da ya haɗa Port Augusta da Kalgoorlie, mai tsawon kusan kilomita 1,700, wanda aka fara a 1912, ma'aikatan gabas da na yamma suka haɗu ranar 17 ga Oktoba, 1917. Abin da ya sa aka iya miƙe shi haka, wato rashin kogi da rashin gari da za a kewaye, shi ne kuma ya mayar da riƙe shi jan aiki. Layin bai tsallake ko rafi ɗaya mai ruwan sha da ba ya ƙafewa ba, don haka a zamanin jiragen tururi kan jirgi yakan jawo ruwan da zai sha tare da kayan da ya ɗauko. Sai da aka kafa ƙananan matsugunai a gefen hanya domin ma'aikatan gyara da iyalansu, aka kuma ware wani jirgi mai suna Tea and Sugar yana kai musu kayan masarufi, bai daina zirga-zirga ba sai a 1996. Garin Cook, wanda a da yake da makaranta da asibiti, yau mutanensa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, amma har yanzu jirage na tsayawa a can su sha mai, direbobi su yi canji. Fasinjan jirgin Indian Pacific da ke tafiya tsakanin Sydney da Perth yana kallon wannan fili ta taga cikin kwanciyar hankali ne domin akwai waɗanda suka amince su zauna inda ba kowa zai yarda ya kwana ba.

Akwai wani miƙaƙƙen layin da bai kai wannan tsawo ba a filayen Ajantina, tsakanin Junín da Mackenna, sama da kilomita 300. Mafi tsawo a Amurka yana jihar North Carolina, kusan kilomita 127, na Ingila kuwa, a hanyar Selby zuwa Hull, bai wuce kilomita 29 ba.

Abu na farko da masu yabon miƙewa ke mantawa shi ne layin da ya miƙe a kan taswira yana iya zama mai hawa da gangara a ƙasa, jirgin kaya kuwa ya fi jin jiki a hawa fiye da a kwana, domin ƙarfe a kan ƙarfe ba ya da kamu sosai. An buɗe layin Mosko zuwa Saint Petersburg a 1851 yana kusan miƙe tsaf, har aka ƙirƙiro labarin cewa Sarkin Rasha Nicholas na Ɗaya ne ya aza rula a kan taswira ya ja layi, alƙalamin ya kewaye ɗan yatsansa, shi ne ya haifar da wata lanƙwasa da ke kan layin a wani wuri mai suna Verebye. Gaskiyar lamarin ita ce a 1877 aka yi wannan kewaye, bayan an ga jirage suna kasa hawa tudun wurin, masu gangarowa kuma birki na gagararsu, kuma ba a sake miƙe wurin ba sai a 2001 da aka gina doguwar gada. A ganina injiniyan da ya yarda ya lanƙwasa hanya domin jirgi ya iya tsayawa inda ake so ya tsaya ya fi wanda ya nace wa miƙewa sanin aikinsa.

Sai kuma rana. Ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya yi zafi, kuma kilomita ɗaya na ƙarfen dogo, in zafinsa ya ƙaru da digiri 40, zai nemi ƙarin kusan rabin mita. A da akan bar 'yar tazara tsakanin sanda da sanda domin wannan, ita ce ke ba da ƙarar ƙwas-ƙwas da tsofaffin matafiya suka sani. Yanzu walda ake yi wa sandunan su zama guda na tsawon kilomitoci, a ja su a ɗaure daidai da wani ma'aunin zafi, wanda a Birtaniya digiri 27 ne, daga nan kuma abin da ke hana su motsi shi ne maɗaurai da kankaren da ke ƙarƙashinsu da tsakuwar da aka jibge a gefe. Idan tsakuwar ta zaizaye ko maɗauran suka saki, rana kuma ta take, ƙarfen yana iya gocewa gefe farat ɗaya ya yi lanƙwasa kamar maciji a wurin da da safe yake miƙe, direban da ya taho da gudu kuwa ba zai hango shi da wuri ba saboda hucin da ke rawa a saman ƙasa. Ita kanta ƙafar jirgi an ɗan fiƙe ta ne ta wajen baki domin ta riƙa daidaita kanta a tsakiya, kuma a miƙaƙƙiyar hanya, in gudu ya yi yawa ƙafar kuma ta cinye, sai tarago ya kama lilo dama da hagu. Duk waɗannan ba sa bayyana ranar bikin buɗe layi, sai bayan shekaru, lokacin da kuɗin gyara ya fara makara.

Abin da ya fi damuna dai shi ne mutumin da ke zaune a kan jirgi. Direban jirgin ƙasa ba ya da sitiyari, aikinsa gudu da birki da lura da sigina, kuma a hanya irin ta Nullarbor, ko da yana tafiyar kilomita 100 a awa, zai shafe kusan awa biyar yana kallon sanduna biyu da ke haɗuwa a can nesa ba tare da wani abu ya sauya ba. Gyangyaɗi da shagala a irin wannan hali ɗabi'ar ɗan Adam ce, shi ya sa ake sanya na'urar da ke neman direba ya taɓa ta lokaci-lokaci, in bai taɓa ba ta yi ƙara, in ya ƙi amsawa ta taka birki da kanta. Wuri mafi haɗari kuma shi ne inda miƙewar ta ƙare. Ranar 24 ga Yuli, 2013, wani jirgin fasinja a Sifaniya ya fito daga shimfiɗar da ake gudun kusan kilomita 200 a kanta, ya shiga kwanar da aka ƙayyade wa 80 a kusa da Santiago de Compostela yana gudun 179, ya kife, kimanin mutum 80 suka rasu. Direban yana amsa waya daga wani ma'aikacin jirgin jim kaɗan kafin kwanar, kuma a daidai wurin babu na'urar da za ta tilasta rage gudu in shi ya makara. Ɗora dukkan laifi a kan mutum ɗaya a irin wannan lamari abu ne mai sauƙi, amma wanda ya tsara hanya mai saurin sa hankali ya tafi, ya kuma bar kwanar ba mai gadi sai hankalin, shi ma yana da tambayar da zai amsa.

Haka kuma mai tsallaka layi, da ƙafa ko da mota ko da dabbobi. Akan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan idon yakan gaza, domin jirgin da ke tahowa kai tsaye girmansa ba ya sauyawa a ido sai ya matso daf, babban abu kuma yakan yi kamar yana tafiya a hankali. Mutum zai ga fitila a can nesa ya ɗauka yana da sarari, alhali jirgin kaya mai gudun kilomita 90 yana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, kuma yana buƙatar fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya. Direban yana ganin komai tun daga nesa, ya busa oda, ya taka birki, sauran kuma ya fi ƙarfinsa, kuma shi ne zai rayu da abin da ya gani.

Roƙona gare ka da wakilanka, ya Edita, shi ne duk lokacin da hukumomi ko 'yan kwangila suka zo suna bayanin tsawon layi da gudun da jirgi zai yi a kansa, a ƙara musu da wasu tambayoyi. A tambaye su awa nawa direba zai yi kafin a canje shi da inda zai huta, a tambaye su ko akwai na'urar da ke rage gudu da kanta kafin kowace kwana da ta biyo bayan doguwar shimfiɗa, da wanda zai riƙa duba ƙarfe da tsakuwa a lokacin zafi, da asusun da za a riƙa biyansa daga ciki bayan ɗan kwangila ya tattara kayansa. Inda kuma layin ya ratsa hanyar jama'a, a faɗa wa masu karatu ko gada za a yi ko shinge mai mai gadi, kuma a koma wurin bayan shekara guda a duba ko an yi.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum