Rahoton Ayyukan Shekarar 2020 Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Masu Kula Da Dabbobi A Kano

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, 'yan uwa maza da mata, ga bayanin abin da Allah Ya ba mu ikon yi a shekarar da ta gabata.

Tsarin da muka amince da shi a watan Janairu bai je ko'ina ba. A ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Legas, a tsakiyar Afrilu kuma aka kulle Kano. Ziyarar makarantu da tafiyar da muka shirya zuwa dajin Falgore duk suka sha ruwa, muka koma kan abin da ke gabanmu.

Abin da ya fi cin ƙarfinmu shi ne dabbobin aiki. Mai jakin da ke dakon yashi, in bai fita ba, babu na cefane balle na dusa. Masu dawakin haya su ma sun ji jiki, domin an soke hawan Sallah, ƙarama da babba, taron biki ma ya tsaya, ga harawa ta yi tsada saboda rufe hanyoyi tsakanin jihohi. A ranakun Litinin da Alhamis da aka sassauta dokar kulle, 'yan kwamitin agaji sun riƙa zagayawa da dusa da ƙowa, likitocin dabbobi da ke cikinmu kuma suna wanke gyambo suna ba da maganin tsutsar ciki kyauta. Wasu membobi sun ce yaya za a ciyar da jaki alhali mutane na kwana da yunwa. Maganarsu abin dubawa ce, shi ya sa duk gidan da muka kai dusa sai mun haɗa da ɗan hatsi. Amma ra'ayina bai sauya ba: jakin nan shi ne jarin gidan. Da zarar ya rame, dillalan fata na nan suna jira su saye shi da arha, kuma wannan cinikin ne ya sa Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016. Wanda ya sayar da jakinsa a lokacin kulle, da me zai koma aiki bayan an buɗe gari?

Sai jita-jitar cewa kyanwa da kare na yaɗa cutar, har wasu suka fara korar na gidajensu. Mun shiga rediyo mun bayyana cewa hukumomin lafiya na duniya ba su ga shaidar da ke nuna dabbobin gida ne ke yaɗa ta ga mutane ba. Malamanmu sun tunatar da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Mun ƙara da cewa gidan da ya kori kyanwa ya buɗe wa ɓera ƙofa, ɓera kuwa shi ke kawo zazzaɓin Lassa, wanda ya yi ɓarna sosai a farkon shekarar.

Kan namun daji, annobar ta buɗe kunnen duniya. Masu bincike sun samu ƙwayoyin cuta dangin korona a jikin jemagu da ɗankunya (dabbar daji mai ɓawo a jiki), a watan Fabrairu Sin ta haramta cin namun daji, a watan Yuni kuma ta ɗaga matsayin kariyar ɗankunya. Abin takaici, sunan ƙasarmu ne ke fitowa a wannan fatauci: a Afrilun 2019 kaɗai, Singafo ta kama fiye da tan 25 na ɓawon ɗankunya da aka yi lodinsa daga Najeriya. Muna da dokar kare namun daji tun 1985, an gyara ta a 2016 aka ƙara tara, amma har yau ana baje kan ungulu a kasuwar magani a fili, tsuntsun da tun 2015 yake jerin masu gab da ƙarewa. Wa ya tuna rabon da ya ga ungulu a mahauta?

Don haka bayan an sassauta, muka nemi zama da shugabannin mafarauta da masu maganin gargajiya. Ba mu je da wa'azi ko barazana ba. Su suka fi mu sanin dajin, su da bakinsu suka lissafa dabbobin da suka daina gani. Wasu sun yi alkawarin barin farauta lokacin da dabbobi ke da ciki ko goyo, wasu sun ce sai an nuna musu wata hanyar abinci tukuna, kuma gaskiya suka faɗa. Wannan zama shi ne aikin da na fi alfahari da shi a shekarar, kuma shi za mu sa a gaba.

Asusunmu ya yi ƙasa ƙwarai, ma'aji zai karanto dalla-dalla a babban taro. Muna roƙon masu bashin kuɗin wata su biya kafin lokacin, domin mu saye harawa yanzu da take da sauƙi. Kwamitin doka kuma zai kawo daftarin wasiƙar da za mu aika wa 'yan majalisarmu kan tsaurara hukuncin fataucin namun daji, kowa ya zo da gyaransa.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba marasa lafiya sauƙi.

Sakataren Ƙungiya